Ragon Jiratawa

Sha'ibu ya taka burki gaban teburin kwalaben esansi a bakin hanyar Tibiri, ba don mai ya ƙare masa ba. Shaida ya zo nema. Tun da ƙanwarsa Fadila ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, innarsu Tsahara ta kafe a kan magana ɗaya: a sayar da motonsa, babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, yarinya ta tafi Yamai ta karanta shari'ar laifuka. Shi kuwa da ya tsere daga lakol, makarantar boko, tun bai iya ɗaura wando da kyau ba, moton nan ne gonarsa, shi ne ofishinsa.

Gado mai teburin ya yi irin karatun da Fadila ke so, har ya samu lisans, wato digiri. Kowa Metir yake ce masa, kamar lauya, har masu zuwa cin bashin lita.

Sha'ibu ya danna wayarsa tana ɗaukar murya. "Metir, tsakaninka da Allah, lisans ɗin nan taka, mi ta taɓa saya maka?"

Gado ya busa mazurarinsa. "Suna. Kuma duk masu sayar da man sumoga a hanyar ga, ni kaɗai na san sunan laifinmu da Faransanci."

"Aiki fa?"

"Na shiga konkur na neman aikin gwamnati har mai gadin ƙofa ya fara tambayata lafiyar iyali."

"Kuɗi nike tambaya."

"Kai da ke zuwa kullum da aljihu cike, ni ina zuba maka mai, kai za ka tambaye ni kuɗi?" Gado ya shafa tankin moton kamar mai taya saniya. "Yana shan mai da yawa?"

Sha'ibu ya tayar da motonsa. Ya nufi gida Sabon Gari yana ratsa amalanke da adaidaita, fasinja na ɗaga masa hannu yana wucewa. Yau magana ta ƙare.

Tun daga zaure ƙamshin suya ya tare shi. Samira maƙwabciyarsu ta miƙo masa hanta mai zafi, ya jefa a baki kafin ya tambayi ko bikin wane ne. Sai ya ga fatar rago shanye a tsakar gida, ga buhun zogale jingine da bango, ga wani dattijo a tabarma yana ta zuba godiya.

"Gai da dattijon ga, Maman Lawali sunansa, daga Jiratawa," in ji Tsahara. "Ɗansa na gidan kaso. Faɗa suka yi a kan layin ban ruwa, ya fasa kan wani. Ya ji a gidan ga akwai mai karatun laifi, shi ne ya kawo gaisuwa."

"Allah ya ja zamanin alƙaliya," dattijon ya ce, yana duban Fadila.

Fadila ta sunkuyar da kai. "Yaya, na gaya masu ko rajista ban yi ba. Kafin in gama shekarar farko ma wa'adin yaron ya cika."

"To ba shi ke nan ba?" in ji Tsahara. "Ya fito, a ce albarkacinki ne."

"Inna, a maida masa ragonsa."

"Je ka bi gida-gida ka karɓo. Ka fara da abin da ke bakinka."

Sha'ibu ya haɗiye hantar da ƙyar. Ya ciro waya ya kunna muryar Gado, kowa ya saurara har ta ƙare. Tsahara ta gyaɗa kai.

"Kun ji? Metir ake ce masa. Kai wa ya taɓa kiranka da abin da ya wuce 'kai, mai moto'? Karatun da ba a fara ba ya kawo rago. Motonka ko zabo ya taɓa kawowa? Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Ya koma zaure ya zauna a kan moton. Fadila ta biyo shi, ta tsaya jikin ƙofa.

"Ni ba don rago ba ne, Yaya. Dattijon nan ko takardar hukuncin ɗansa babu wanda ya karanta masa. Ni na karanta masa ɗazu. Na fahimci rabi. Ina son in fahimci sauran." Ta ɗago ta dube shi. "Amma in ka ce a'a, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya so ta yi kuka ko ta zage shi, da abin ya zo masa da sauƙi. Ya daɗe yana murza makulli a hannu.

Bayan la'asar ya sake tsayawa gaban teburin kwalabe. Ba a sha wahalar cinikin moton ba, domin Gado ya daɗe yana tari don irin wannan rana. Ya karɓi makulli, ya rufe teburinsa, ya haye yana murmushin da ko ranar karɓar lisans bai yi irinsa ba.

"Hau in kai ka gida," ya ce.

A ƙofar gida Sha'ibu ya sauka ya juya zai shiga. Gado ya danna oda, ya miƙo tafin hannu.

"Haba Metir."

"Hawa abin haya a ƙi biya laifi ne," in ji Gado. "Tambayi ƙanwarka in ta dawo."