Gawar da Ba Ta Yarda da Bindiga Ba

A zangon ƙarshe na shekarar 1964, mu ashirin da bakwai ne a ajin fita na sakandare, kuma ashirin da shida daga cikinmu suna da ƙungiya. Ni ne cikon. 'Yan ƙwallo sun sallame ni tun ranar da aka zura mini ƙwallo ina goge tabarau. 'Yan sikawut ma sun haƙura da ni bayan tantin da na kafa ya rufto wa malaminsu a ka. Ga shi shugaban makaranta ya rantse ba zai sa hannu a takardar neman jami'a ta ɗalibin da bai taɓa komai ba sai littafi.

Na je wurin malamin wasan kwaikwayo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Tabarau, ka iya kwanciya?"

"Na iya, Malam."

"To, kai ne gawa. Gawa ba ta magana, ka ji ko?"

Wasan ya shafi wani yaƙi ne na shekara dubu da suka wuce. Ranar nunawa ɗakin taro ya cika maƙil, mahaifina yana layin gaba kusa da shugaba. Na kwanta a bakin dandamali, ƙirjina shafe da jar tawada. Can sai Dogo, ɗan ajinmu da ya fito a sarki, ya manta maganarsa. Ya yi ta zare ido, sannan ya daka tsawa: "Ku ɗauko bindigogi!"

Allah ya sani na daure. Na tuna da takardata, na cije leɓe. Duk da haka sai na tsinci kaina a zaune.

"Ranka ya daɗe, ai ba a ƙera bindiga ba tukuna. Sai nan da kimanin shekara ɗari uku."

Dogo ya ce ta gefen baki, "Kai, don Allah mutu mana!"

"Zan mutu, amma ka ce kibau."

"To, kibau! Hankalinka ya kwanta?"

Na koma na kwanta, na rufe ido. Ko da yake a mace nake, na ji benci yana girgiza da dariya, na kuma ji muryar mahaifina yana ba shugaba haƙuri.

Bayan mako biyu shugaba ya sa hannu. A gurbin ayyukan ƙungiya ya rubuta: "Ya fito a wasan kwaikwayo sau ɗaya." Jami'a ta karɓe ni a sashen tarihi.