Jar Hula a Gefen Fili

Mutum uku ne ke tsayawa a gefen fili duk ranar Asabar, kowa da kalar hularsa, suna yi wa 'yan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka na Jami'ar Tallow Creek ishara da hannu. Wannan ya dafa ƙirji, wancan ya ja kunne, na ukun ya kewaya yatsa a sama, duk a lokaci guda. Mutum ɗaya ne a cikinsu ke faɗa wa 'yan wasa ainihin dabarar da za su buga, sauran biyun ƙarya suke shararawa don a ruɗa abokan karawa. Wanda zai riƙe gaskiyar kuwa, a ɗakin sauya kaya ake raɗa wa yara sunansa, kuma kowane zango, cikin zango huɗun da ake raba wasan, sai an canza.

Odessa Pettway ce mai jar hula. Digiri na biyu take yi a jami'ar, kuma ita kaɗai ce mace a cikin masu horar da ƙungiyar. Ba alfarma aka yi mata ba. A bayan motar ubanta ta tashi, yana yawon horar da 'yan sakandare a ƙauyukan jihar Misisipi, ta iya karanta jerin 'yan tsaro tun kafin ta iya kitsa kanta. Ta san haka, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani, abin da ya sa wasu a ofishin ba sa shan inuwa ɗaya da ita ke nan.

Kakar wasan ta fara da daɗi. Duk watan Satumba babu wanda ya kai su ƙasa, gari ya ɗauka, masu gasa haƙarƙarin alade a bayan motoci suka fara kafa rumfuna tun ranar Juma'a. Oktoba na kamawa sai abu ya juya. Tavion, yaron da ke jefa musu ƙwallo, duk inda ya nufa sai ya tarar an riga shi. In gudu za a yi ta hagu, 'yan tsaron can sun taru a hagu. In jifa ce mai nisa, sun ja baya suna jira kamar an aika musu goron gayyata. Aka ci su, aka sake cin su, mako na gaba ma haka.

Ranar Lahadi da la'asar, bayan an taso daga coci, masu horarwa suka zauna kallon faifan wasan jiya. Koci Rusk, wanda ke tsara dabarun kai hari, ya tsayar da hoton a daidai inda wani ɗan tsaro ya zabura kafin ma a taɓa ƙwallo. Ya ce shi dai a iya saninsa ruwa ba ya tsami banza, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ya kurɓi kofi, sannan ya juyo da murmushi.

"Odessa, yaya mutuminmu Cleon? Kuna gaisawa dai ko?"

Cleon yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mataimakin koci ne na 'yan tsaro a Jami'ar Wexley, manyan abokan gabarsu. Kowa a ɗakin ya san haka tun ranar da aka ɗauke ta. Ba a taɓa tayar da zancen ba sai yau.

"Lafiyarsa ƙalau, Koci," ta ce. "In saƙo gare ka ka ba ni, tun da na ga kamar an naɗa ni masinja."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Babban koci, Broussard, dattijo mai furfura wanda ba ya son hayaniya, ya ce a ci gaba da faifai. Bai tsawata wa Rusk ba, kuma Odessa ta lura da hakan.

Ba su ma kara da Wexley ba tukuna, sai ƙarshen kaka. Amma zato ba ya neman hujja. Aka ce ai masu horarwa duk bakinsu ɗaya, abin da Cleon ya sani da safe, kafin azahar ya zagaye gasar. Daga nan ta fara ganin abubuwa. Ta shigo ɗaki hira ta mutu. Ta ajiye jakarta ta je bayi, ta dawo ta ga kamar zif ɗin ba inda ta bar shi yake ba, ko kuwa idonta ne, ba ta sani ba. Yaran da suka saba tsokanarta suna kiranta Farfesa, yanzu sai su gaishe ta da ladabi mai yawa, irin wanda ake yi wa baƙo.

Ita ma ta shiga nata lissafin. Dawson, mai koriyar hula, me ya sa kullum yake fita waje in zai amsa waya? Rusk kansa ba an ce yana neman aiki a wata jami'a ba? Har mai shara ta samu kanta tana bi da ido, sai ta ji kunyar kanta ta daina.

Daraktar wasanni ta jami'ar, Madam Vandiver, ta kira ta ofis. Ta ba ta kujera mai laushi, ta yabi ƙwazonta, ta ce babu wanda ke zarginta da komai. Sai dai tsofaffin ɗalibai masu ba da tallafi sun fara bugo waya, kuma ƙungiyar ƙwallon raga ta mata na neman mataimakiya. Ko za ta koma can har ƙura ta lafa?

Odessa ta ce ba ta san komai a ƙwallon raga ba, kuma ba ta da niyyar koyo.

"In korata za ku yi, Madam, ku kore ni da sunan laifin da na yi, in san abin da zan faɗa wa mahaifiyata. In babu laifi, ina da atisaye yanzu."

Ba a kore ta ba. Abin da aka yi mata ya fi kora ciwo, kuma a tsakiyar wasa ta gane shi. An ce mata zango na uku nata ne. Ta ba da isharar gudu ta dama, sai ta ga Tavion ya ja baya ya jefa ƙwallo. Ta zaci kuskure ya yi. Ta ba da ta gaba, ya sake yin wani abu dabam. Ta dubi idonsa ta cikin hular kwano, ta ga ko inda take bai kalla ba, Dawson yake kallo. Ashe an faɗa wa yara a bayan idonta cewa jar hula ta daina riƙe gaskiya, ita kuma an bar ta tana ta fama da hannu a gaban dubban mutane kamar mai korar ƙuda.

Ta ji kamar ta cire hular ta jefa wa Rusk a fuska ta bi ta ƙofar 'yan badujala ta fice. Amma ta san abin da za a ce kafin ta kai mota: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai ta gyara tsayuwa, ta ba da ishara ta gaba da ƙarfin da ya fi na farko.

Haka ta yi makonni. Ba ta tambayi kowa ba, babu wanda ya yi mata bayani. Kullum ita ce ta farko a atisaye. Ana ba ta dabarun bogi, tana haddace su kamar na gaske, ranar Asabar ta tsaya cikin ruwa da sanyi ta zuba ƙaryarta tsaf, ba ta taɓa yin ta da kasala ba. Ƙungiyar kuwa ba ta warke ba, a ci su yau, su tsira da ƙyar gobe. Wannan ya isa ya wanke ta a wurin mai son gaskiya. Rusk ya ce ai ɓarnar da aka riga aka yi ce take bin su.

Ranar Alhamis ta bikin Godiya, wanda Amurkawa ke taruwa a gida su yi duk ƙarshen Nuwamba, saura kwana biyu a kara da Wexley, ta je gida cin talotalo. Jakarta ta bari a mota ta kulle, abin da ba ta taɓa yi ba a ƙofar gidan uwarta. Mama ta kafa doka tun a bakin ƙofa cewa duk wanda ya ambaci ƙwallo a teburinta shi zai wanke tukwane. Dokar ta yi aiki har aka kai ga burodin masara. Cleon ya miƙo mata faranti yana dariya.

"Ci ki ƙoshi, ƙanwata, kina buƙatar ƙarfin rawar da za ki yi mana ranar Asabar. Mu fa mun daina wahalar da kanmu a kanki. Kowa ya san jar hula gawa ce, ko mai kallonki ba mu sa ba."

"Tukwane, Cleon," in ji Mama.

Ya tashi yana dariya ya nufi kicin. Odessa ta bi bayansa da kallo. Suɓutar baki ce? Tausayinta ya ji ya jefo mata igiya? Ko tarko ne, so yake ta kai labari a ba ta gaskiyar, su kuma su zuba mata ido su kwashe komai? Tun suna yara Cleon bai taɓa barinta ta ci shi a ko da wasan kati ba. Ta kasa cin sauran abincin.

Akwai kuma wata matsalar. In ta kai wa Broussard maganar, ta amsa da bakinta cewa ita da yayanta suna zancen ƙwallo, abin da ake ta nema a kanta ke nan. In ta yi shiru, za ta ƙare kaka a matsayin gawa, a sallame ta a watan Disamba ba tare da an ce mata komai ba.

Da safiyar Juma'a ta same shi a ofis, ta faɗa masa yadda aka yi, kalma da kalma, har da tukwanen. Dattijon ya daɗe yana juya biro a hannu. Ya tambaye ta ta yaya zai san ba haɗa baki suka yi ba.

"Ba za ka sani ba, Koci. Ni ma ban san abin da ke ransa ba. Abin da na ji na kawo maka, ka yi yadda ka ga dama da shi."

Ya ce ta ja masa ƙofa in za ta fita.

Ranar Asabar filin ya cika har kan katanga. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Wexley ta ba su ratar da ta sa 'yan kallo suka fara zagin Rusk da sunansa. A ɗakin sauya kaya Broussard ya tsaya a tsakiyar yara, ya ce daga yanzu har a tashi, jar hula za a bi. Rusk ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga masa hannu. Odessa ba ta yaudari kanta ba. Ba yarda da ita ya yi ba, dabara ce ta ƙare masa, ya ga babu abin da ya rage da zai yi asara.

Da aka koma, ta ba da ishara ta farko. Tavion ya kalle ta, ya kalli Dawson, ya kalli benci, har lokacin fara buga dabarar ya ƙure, alƙalin wasa ya jefa tutar hukunci aka mayar da su baya. 'Yan kallo suka yi ihu. Ita ko gezau. Ta ɗaga hannu ta maimaita isharar nan dai, a hankali, idonta cikin nasa, har sai da ya sunkuyar da kai ya juya ya faɗa wa sauran.

Gudu ne ta tsakiya, kuma tsakiyar a buɗe take, domin 'yan tsaron Wexley duk sun bi ƙaryar Dawson sun yi gefe. Daga nan wasa ya canza. Sai da aka shiga zango na ƙarshe mutanen can suka farga, ta hango Cleon a ɗaya gefen yana nuna ta da yatsa yana yi wa yaransa tsawa. Kafin su gano hannunta, Tallow Creek ta wuce gaba da maki kaɗan, kuma a haka aka tashi.

Ɗalibai suka ɓarke cikin fili. A tsakiyar turmutsitsin ta yi kiciɓis da yayanta. Wani babban kocin Wexley na tafe a bayansa, yana yi masa irin kallon da ta sha tun Oktoba. Cleon ya wuce ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ta buɗe baki za ta kira shi, ta fasa, don ta san kiran ba zai yi masa amfani ba.

Kafin Litinin sabon zance ya fito a ofis: wai Cleon ne ya sayar da wasan don ya wanke ƙanwarsa, in ba haka ba yaya za a yi a bar ta har zango guda babu mai kallo? Wanda ya fitar da sirrinsu a Oktoba kuwa, in ma akwai shi, ba a gano shi ba, kuma babu wanda ya sake tambaya.

Madam Vandiver ta tare ta a baranda, ta ce Broussard ya sa sunanta cikin waɗanda yake so a kaka mai zuwa, amma in ta fi son ta nemi wani wuri inda za ta fara da sabon shafi, jami'a za ta rubuta mata shaida mai kyau. Ba ta ba ta haƙuri ba, Odessa ma ba ta sa rai ba.

"Ina nan, Madam," ta ce.

Ta wuce ɗakin kallon faifai. Hira ta mutu da shigarta kamar yadda aka saba. Akwai kujeru a baya inda take zama tun Oktoba, amma ta zagaye su, ta ja wadda ke kusa da Rusk ta zauna, har kafaɗarta na gogar tasa. Ya ɗan matsa da kofinsa.

"Kunna mana, Koci," ta ce. "Daga zangon farko za mu fara, inda aka ci mu."