Kwanon Rumfar Banda

Ranar Talata wasu masu binciken lafiya suka sauka a makarantar firamare ta Wara, da tebur biyu da farar bas mai kujera goma sha takwas. Tun jiya mai shela ya zaga tungayen masunta na bakin ruwa. Ana neman masu shekara hamsin zuwa sama, za a kai su babban asibiti a ɗauki hoton huhunsu, don a kama ciwon daji tun bai yi ƙarfi ba. Bas za ta tashi bayan azahar.

Jibrin bai zo don kansa ba. Masunci ne, shekararsa sittin da bakwai, har yau yana tuƙa jirginsa ya ƙetare ruwa bai huta ba. Don matarsa Kulu ya zo, wadda ta yi wata biyar tana tari. Kwana shida da suka wuce ta goge baki da gefen mayafi, ya ga ja. Ta ga ya gani.

Mai rubuta sunaye wata ma'aikaciyar jinya ce, Malama Zakiyya. Da layi ya zo kan Jibrin ta ce, "Baba, ka taɓa shan taba?"

"Shekara talatin da biyu. Na bari."

Ta rubuta, ta miƙa masa koren kati. Shi ne na goma sha shida.

Kulu ta matso. Matan tunga na tsaye a bayanta.

"Inna, kin taɓa shan taba?"

Wata daga cikinsu, Asibi, ta kece da dariya. Kulu ta ce, "Ɗiyar nan, dube ni da kyau."

"Dole ne in tambaya, Inna."

"Ko furen taba ban taɓa ci ba."

"Akwai abin da ke damunki a ƙirji?"

"Lahiya lau nike."

Zakiyya ta ja layi a takarda, ta ce binciken na masu shan taba ne kawai. Ta kira na gaba.

Jibrin ya ja Kulu gindin darbejiya.

"Koma ki ce kina sha."

"In ce mi, Malam? Gaban Asibi? Kahin in kai gida zancen ya kai kasuwar Yelwa."

"To faɗi abin da na gani a mayafi."

Ta juya fuska wajen hanya. "In na faɗi, za su ce tarin fuka ne. Ba mai ƙara cin kifin da hannuna ya taɓa."

Ya koma wurin tebur, ya ajiye katinsa. "Goge sunana ki sa nata."

"Ba a yin haka, Baba. Katin na wanda ya cika ƙa'ida ne."

"Wa ya aza ƙa'idar?"

"Likitocin da suka tsara binciken."

"Sun taɓa zuwa bakin ruwa?"

Ta tura masa katin, ta kira na gaba. Wani tsohon direba ya karɓi na goma sha bakwai.

Jibrin ya dubi rana. Ya ce wa Kulu kada ta motsa, ya tare kabu-kabu, ya ce a kai shi tunga, a kuma jira shi.

Rumfar bandan Kulu tana bayan gida. Murhu uku na ƙasa, tarwaɗa jere a kan ragar waya, itacen ƙirya yana ci a hankali. Shekara arba'in da ɗaya kifinsa yana bi ta nan, amma shi bai taɓa daɗewa a ciki ba. Banda aikin mata ne. Yau ya shiga, hayaƙi ya shaƙe shi, hawaye suka zubo. Ya taka turmi, ya sa gatari ya ɓamɓare ƙusa huɗu, ya zare falle ɗaya na kwanon rufi. Ya fito yana tari.

Suna kan hanyar komawa aka kira azahar. Kwanon yana kaɗawa a iska, yana neman yanke masa hannu. Bai saki ba.

Ya tarar an fara shiga bas. Kati na goma sha takwas ya fita, Zakiyya tana haɗa takardunta. Ya kifa kwanon a kan tebur, cikinsa a sama. Kunkunniya ta yi kauri a jikinsa, baƙa wuluk, tana danƙo, har ta ɗiga a kan farar takarda.

"Baba, mene ne wannan?"

"Rufin rumfar da take banda. Shekara huɗu da na buga shi, sabo, yana ƙyalli. Ita shekara arba'in da ɗaya tana tsugune ƙarƙashin irinsa, daga asuba har la'asar. Ni da nike shan taba, kara goma ne a yini, a tsakiyar ruwa, iska na kwashewa. Kin ba ni kati kin hana ta. Ban yi boko ba, ɗiyata. Ke da kika yi, gaya mini wanda ya fi shan hayaƙi."

Zakiyya ta sa murfin biro ta kankari kwanon. Murfin ya nutse bai taɓa ƙarfe ba. Ta ɗauki hoton kwanon da wayarta, ta koma gefe tana magana da likita. Direban bas ya danna oda.

Da ta dawo ta ce, "Ba za a iya sa ta cikin binciken ba. Likita ya ce za su kai maganar masu banda gaba, amma ba yau ba."

Jibrin ya kai hannu zai ɗauki kwanonsa, Zakiyya ta tsayar da shi.

"Sai dai akwai wata hanya. Duk wanda ke da alama a jiki, ba ya jiran bincike. Takardar asibiti ake ba shi, ya bi mu." Ta dubi Kulu. "Inna, zo mu shiga aji, ni da ke kaɗai."

Kulu ta dubi matan tunga. Sannan ta tashi. Aka rufe ƙofa.

Jibrin ya tsaya a rana. Ya san matarsa. In ta ce lafiya lau, ko limami bai isa ya sa ta canza ba.

Asibi ta ce, "Malam Jibrin, rumfa ka kwance ka kawo ma gwamnati? Ka bari damina ta wuce mana."

Bai dube ta ba. Direba ya tayar da mota. Daga cikin aji ya ji tarin Kulu, dogo, sannan shiru. Ya ƙirga tagogin ajin, ya sake ƙirgawa.

Ƙofa ta buɗe. Zakiyya ce a gaba, da farar takarda a hannu. Kulu na biye, ta ja mayafi har goshi, ba ta dubi kowa ba.

"Za ta tafi," in ji Zakiyya a hankali. "Amma kujera ta ƙare. Ba a yarda mu ɗauki fiye da sha takwas ba."

Jibrin ya zaro koren katin daga aljihu, ya ɗora a kan kwanon.

"Baba, ka yi tunani. Shekara talatin da biyu ba wasa ba ne, kuma ban san ranar da za mu dawo ba."

"Na ji."

"In aka cire sunanka..."

"Na ce na ji. Ki zauna kusa da ita, ba ta saba da mota ba."

Kulu ta taka ta shiga, ta zauna bakin taga. Motar ta fara motsi, ta leƙo.

"Malam, kifin na kan wuta. A juya shi kahin la'asar."

"Bar shi ya ƙone," in ji Jibrin. "Rufe tagar."