Jan Zare a Kofin Dogo

Dogo mai yankan yadi ya daina shan maganin a mako na huɗu, alhali mako goma sha biyu aka yanka masa. Abin da ya ɓata lamarin ke nan, ba wani abu ba.

Su shida ne a shagon ɗinkin, ɗaki ɗaya, taga ɗaya. Ita ma tagar maigidan shago ya sa an buga mata ƙusa tun ranar da iska ta sure masa yadin wata mata ta jefa a kwata. Keken ɗinki huɗu, teburin yankan Dogo, sai teburin guga can ƙurya. A ƙuryar nan Tsoho mai guga ya yi wata biyar yana tari. Ba tarin mutunci ba. Sai ya dafa teburi ya tono abin tun daga ciki, ya jujjuya shi a baki, sannan ya sunkuya ya tofa a wani gwangwanin madara da ke gefen ƙafarsa. Ƙudaje sun san gwangwanin nan. Da ƙyallen da Dogo ya yanke ya yar Tsoho yake goge baki, ya cusa a aljihu, gobe ya fito da shi a ƙandare.

Dogo kuwa mutum ne mai ƙyanƙyami, ko gashi ya gani a abinci ya gama cin ranar. Shi ya kafa doka. Aka ɗaura wa kofin Tsoho jan zare, aka ware masa kwano, aka daina ba shi hannu. In Tsoho ya taɓa almakashi sai Dogo ya wanke shi da sabulu. Suka ɗauka sun yi wayo. Fanka kuma tana sama tana raba musu numfashin Tsoho daga safe har yamma.

Ranar da Tsoho ya yanke jiki ya faɗi kan kayan mutane aka kai shi asibiti, aka ce tarin fuka ne. Wata malamar asibiti ta zo shagon. Dogo ya nuna mata kofin yana jiran yabo. Ko kallon kirki ba ta yi wa kofin ba, tagar ta tsaya tana kallo. Ta ce cutar ba ta bin kofi ko gaisuwa, a iska take, wanda ya daɗe yana shaƙar ɗakin mai tarin shi ke ɗauka.

Aka yi musu ƙaramar allura a fatar hannu. Bayan kwana uku wurin allurar Dogo ya tasa ya yi tauri, hoton ƙirjinsa kuwa fes. Malamar ta ce ƙwayar cutar na jikinsa amma a kwance take, jikin ya danne ta. Ba zai sa wa kowa ba muddin tana kwance. In ƙarfinsa ya ragu tana iya tashi, kuma ƙananan yaran gida ta fi yi wa illa.

Dogo ya ce, “Malama, in ba ni da lafiya ki faɗa. In lafiyata ƙalau ki bar ni in koma bakin aikina.”

“Lafiyarka ƙalau, Baba. So nake a kashe ta tun ba ta motsa ba. Sau ɗaya a mako, wata uku, ka huta.”

Ya karɓi maganin. Ƙwayoyin cike da tafin hannu, ga tashin zuciya. Fitsarinsa ya koma kamar ruwan tsatsa. An gaya masa haka zai yi kuma ba komai ba ne, amma ji daban, gani daban. Har zufarsa ta ɓata farar singileti.

Duk wannan da ya daure. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne safiyar da ya shigo shago ya tarar da jan zare a hannun kofinsa. Gajere mai ɗinkin wando ya ce ai doka dokarsa ce, su biyayya kawai suka yi, wai ko a nemo masa gwangwani tun da wuri. Aka bushe da dariya. Dogo ya yi bayanin malamar, cewa tasa a kwance take, suka ce mai shan magani dai ba lafiyayye ba ne. Washegari ya ce musu asibiti sun sallame shi, kuskure aka yi. Ya juye sauran ƙwayoyin a masai. Malamar ta kira waya sau uku, ya sa matarsa ta ce ya yi tafiya. Matar ta ce masa ita wannan ƙarya ba ta kwanta mata ba, ya ce ba a tambaye ta ba.

Shekara biyu shiru. Sai ciwon sukari ya kama shi, ya fara ramewa, wando na zamewa daga ƙugu. Tari ya biyo baya. Shi ba ya tofarwa, haɗiye kayansa yake yi don ƙyama, ya ce ƙurar yadi ce. Ƙarfin tsayuwa a teburi ya ƙare, ya dawo zaman gida.

'Yarsa tana zuwa aiki, kullum sai ta kawo jikanyarsa 'yar wata goma sha takwas ta bari. Dogo na kiranta amarya, yana cewa ta raina shi don ya tsufa. Bai yarda ta sha a kofinsa ba, cokalinsa ma ɓoye shi yake yi. Amma a ƙirjinsa take barcin rana, ƙofa a rufe, labule a sake, yana tari a kan gashinta.

Yarinyar ta fara zazzaɓi, ta ƙi abinci, wuyanta ya sanƙare. Ranar da ta fara fizge-fizge aka ruga asibiti, likita ya ce tarin fuka ne ya hau mata ƙwaƙwalwa. Aka gwada kowa a gidan. Majinar da aka sa Dogo ya tofa a 'yar roba ita ta nuna inda cutar ta fito. 'Yarsa ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

“Baba, wancan karon an ba ka magani?”

Ya ce an ba shi.

Wannan karon wata shida ya yi yana sha kullum, bai tsallake rana ba, ya warke sarai, har ya yi ƙiba. Yarinyar ta yi wata biyu a gadon asibiti. Ta rayu. Ta fito ba ta ji da kunne ko ɗaya, ƙafar hagu kuma janta take yi.