Ranar da Aka Wanke Randar Inna Tabawa

Mafarkin da ya zo mini daren jiya ko sallama bai yi ba. Kawai na tsinci kaina ina gudu a tsakiyar tsohon gari, tituna na gudu tare da ni, har suka riga ni isa gidan burkutun Inna Tabawa. Gidan ya girmi kasuwa. Shi ya fara zama, sannan gari ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

Na tarar da Inna tana kuka, hawayen na hawa goshinta.

"Jatau, an kashe ni! Duba-gari ta wanke mini randa da sabulu!"

Randar burkutu ba a wanke ta. Tsamin jiya ke tayar da na yau, tun zamanin kakar Inna. Duba-garin kuwa, wata agwagwa ce mai hular kwano, ta ce in rana ta faɗi ba kumfa, za a mai da gidan shagon cajin waya.

Na leƙa randar. Ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, ni wace ce? Tulun ruwa?"

Ni da mashayan gidan muka ɗaure rana a jikin durumi don kada ta faɗi, tana ta fizga. Na durƙusa na ba randa tarihinta tiryan-tiryan. Ko kumfa ɗaya.

Baba Nomau, tsohon maharbi, ya ture ni. "Matsa, yaro. Wadda ta tashi cikin ƙaryarmu za ka zo wa da gaskiya?" Ya cusa kai ciki. "Kin tuna ranar da na kama kura da hannu ɗaya?"

Kumfa guda ta ɓullo.

"Ɓera ne, Baba!" in ji Ranau tela.

"Kura ce, jinya ta yi ta rame!"

Sai kowa ya kawo tasa ƙaryar, ana musu ana rantsuwa. Can randa ta yi gyatsa, ta ce, "Nomau, bara ai zaki ka ce."

Kumfa ta tashi har rufi. Inna ta ɗebo, ta fara kurɓa kamar yadda aka saba, ta miƙa. Agwagwa ta cire hula ta tara.

Nan wani duron katako ya gangaro ƙofa, sanye da kwat, yana warin teku.

"Daga Ingila nake," ya ce. "Na zo neman auren randar nan. Wane ne waliyyinta?"

Duk aka juyo aka dube ni.

Na buɗe baki ke nan, sai gugar maƙwabciyata ta daki bakin rijiya, na farka.