Layin Rubu'in Farko

Auta ta jera sunaye goma sha ɗaya a takarda, daga mai ƙarancin ɗinki zuwa mai yawa. Ta bayan gilashin ofis kekunan ɗinki na ta ruri. Da safe manaja ya ce mata, bai ko zauna ba, "Ki raba su gida huɗu. Duk wadda ta faɗo ƙasa da layin rubu'in farko, ta kwashe almakashinta."

Ta farko, riga arba'in da ɗaya a mako. Ta biyu, arba'in da huɗu. Ta ukun, arba'in da bakwai, Yayarta ce, wadda ta goye ta tun rasuwar innarsu, ta kuma roƙa mata aikin nan. Yanzu idon Yaya ya fara gardama, sai ta lashi zare sau uku kafin ya shiga allura.

Auta ta duba sunan, ta jira gabanta ya faɗi. Ko gezau. Ba ta ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kai.

Lissafin hanya biyu gare shi, dukansu daidai ne. A nemo ta tsakiya, ta shida, sannan a nemo tsakiyar na ƙasa da ita, nan ne layin. In an haɗa ta da na ƙasa sun zama shida, layi ya faɗa tsakanin arba'in da bakwai na Yaya da hamsin da uku na ta huɗu, wato hamsin. Yaya ta tafi ke nan. In an cire ta saura biyar, layin ya tsaya cak a kan ta uku. Wadda ke kan layi kuwa ai ba ta ƙasa da shi.

Shekara huɗu Auta tana haɗa ta tsakiya a duk lissafinta. Yau ta cire.

Da rana Yaya ta leƙo, tabarau a goshi, zare manne a zani.

"Autar Inna, an ce ke ke riƙe da wuƙa da nama yau. Ina ciki?"

"Ba kya ciki, Yaya."

"Alhamdu lillahi! To saki fuskar mana, sai ka ce mai ciwon haƙori."

Ta koma kan kekenta tana dariya.

Da yamma manaja ya karanta takardar a tsaye. Ya ja layi a kan sunaye biyu, matan da Auta ke gaisawa da su kullum a bakin ƙofa.

"Biyu kawai? To, ba laifi. Tsarin nan ya yi min, babu son kai a ciki. Wata mai zuwa ki sake yi da waɗanda suka rage."

Ya fita.

Auta ta ɗauki sabuwar takarda, ta rubuta ɗaya zuwa tara. Ta daɗe tana kallon lamba ta ɗaya, inda sunan Yaya zai zauna yanzu. Kowace hanya aka bi, ta ɗaya tana ƙasa da layi. Daga can ta jiyo Yaya na neman wadda za ta zura mata zare.