Gida Biyu a Layin Ƙarshe

Sau uku tana dukan ƙofar da kafaɗa, jaririya a bayanta, kwanon abinci a hannu. Ƙofar ko gezau.

"Ke 'yar nan, so kike ki karya mini ƙofa?" Muryar Baba Kafinta ce ta fito ta taga, a dishe.

"Ta sake cijewa, Baba."

"Gobe zan fere ta."

Wata guda ke nan yana cewa gobe. Tun da ƙasa ta fara nutsewa a layinsu, layin ƙarshe kafin a gangara fili, shi ke bi gida-gida yana gyara ƙofofin da suka karkace, har ciwo ya kwantar da shi. Masu awon ƙasa sun zo sun ce wata tsaga ce mai zurfi ta ratsa ƙarƙashin unguwar, ɓangare ɗaya yana sauka a hankali. Gida tara sun tashi. Saura nasa da nata.

Ta miƙa masa kwanon ta taga.

"Na ji mijinki ya samo ɗaki. Me kike jira?"

"In na tafi, wa zai ba ka ko ruwa?"

"Tsagar bangonki hannuna shigewa yake yi. Kuma nan kike kwantar da yarinya."

"Ai na jawo katifar tsakiyar ɗaki."

"To, sannu injiniya."

Ko murmushi ba ta iya yi ba. Kullum da safe sai ta kakkaɓe yashi daga zanen jaririyar, ta ce yau kam za ta tafi, sai ta jiyo tarinsa ta katanga, ta ɗora tukunya.

Ranar Laraba da hantsi ta kira, ta sake kira, shiru. Ta leƙa. Yana kwance ta gefen dama, abincin jiya a rufe, bai taɓa ba.

Sai da maza suka ɓalle ƙofar gaba ɗaya kafin a fito da shi. Da aka dawo daga maƙabarta, mijinta ya zo ya tsaya a bakin ɗakinsu.

"Kira mai mota," ta ce.

Kafin la'asar an kwashe kaya. Ta ajiye robar ruwan jaririyar a ƙasa don ta gyara goyo. Robar ta faɗi, ta gangara ita kaɗai, sannu a hankali, har ta je ta jingina da bango. Ita kuwa ta tsaya tana kallon robar, hannunta a bayan yarinyar.